Jawabi ga mata masu ɗinkin hannu: amfanin tsohon tufafi

 

An gama girbi, an cika rumbu. Ɗari yana tafe. Mata da yawa suna son su taɓa sana'a a gida, amma yadi ya yi tsada, zaren kanti ma haka. To, akwai hanya. Tsohon zane, da ƙyallayen da tela ke zubarwa, da kayan gwanjo, wanda wasu ke kira bosho, duk kayan aiki ne. Da su ana yin bargon yaro, da rigar matashin kai, da zanen gado mai ado, da jakar da ɗalibi zai sa littafinsa.

Ado da allura tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Kowa ya san aska biyu da aska takwas da tambari a kan babbar riga. Masu ɗinkin da suna aiki har da zaren tsamiya, wanda ake samu daga gidan tsutsa. Wasu ƙasashe ma suna da tasu dabara. A Bangaladash da gabashin Indiya, mata suna jera tsofaffin zannuwa, ɗaya bisa ɗaya, su ɗinke su da ƙananan ɗinki har su zama bargo. Sunan aikin kanta. A da har zaren ado suke zarowa daga bakin tsohon zanen. Ba su jin kunyar wannan aiki, kuma ana sayensa da daraja.

Amma ba kowane tsumma ke karɓar allura ba. A nan ne mata da yawa ke yin hasara. Kafin a saya, a kama ƙyalle da hannu biyu, a ja shi. In ya yage da sauƙi, ya ruɓe, a bar shi. A ɗaga shi wajen rana. Inda haske ya fi ratsawa, wurin ya ci, sai a yanke shi. Mace na iya yin sati 3 tana ado, wanki ɗaya ya raba zanen biyu.

A gane kuma irin yadin. A da buhun fulawa na auduga ne, ana wanke shi a yi ado a kai. Yanzu yawancin buhuna na leda ne, kuma kayan gwanjo da yawa na roba ne. Ga yadda ake ganewa. A zare ɗan zare, a kai shi bakin wuta. Auduga tana ci, ta bar toka mai laushi. Ulu na gaske yana warin ƙonannen gashi. Na roba narkewa yake, ya dunƙule, ya yi tauri. Kada a yi wa yaro bargo da na roba. Lokacin ɗari yara suna matsawa kusa da wuta. In yadin roba ya kama, yana narkewa ya manne a fata, ƙunar ta yi muni.

Sai wanki. Ba a san wanda ya sa kayan gwanjo ba. Ana iya ɗaukar ƙazwa ko kwarkwata daga tufafi. Auduga, a zuba mata tafasasshen ruwa da sabuni, a shanya a rana. Ulu ba ya son ruwan zafi, yana tsukewa. A wanke shi da ruwa mai ɗumi kaɗan, a shanya, a ajiye shi sati guda kafin a taɓa. Ƙwaron ƙazwa ba ya wuce kwana 3 da rai in bai samu jikin mutum ba.

Zaren ado yana cikin tsohuwar rigar sanyi. A duba ɗinkin gefenta. In an haɗa ta ba tare da an yanka saƙar ba, zaren zai fito dogo. In an yanka da almakashi an bi da keke, guntaye kawai za a samu. A warware, a naɗe a bayan kujera, a jiƙa, a rataye har ya bushe. Nan zai miƙe. Sannan a gwada launi: a jiƙa zaren, a matse shi cikin farin ƙyalle. In ya bar tabo, yana zuba. Ja da shuɗi su suka fi yin haka. Irin wannan ba a sa shi kan farin zane.

Wajen zana ado, alli ya isa, ko bakin busasshen sabuni. Bakin ƙwarya yana ba da da'ira. Mai koyo ta fara da ƙaramin abu, kamar rigar matashi. Kada a ja zare da ƙarfi, yadin zai tattare. Wajen bargo, a jera zane 3 ko 4, mai kyau a sama, a fara ɗinki daga tsakiya zuwa baki, layi kusa da layi.

Matan da suka shiga ajin yaƙi da jahilci suna da riba biyu. Suna iya rubuta sunan amarya ko na jariri da zare, kuma masu biki suna son haka. Suna iya kuma riƙe lissafi. A ce mace ta sayi ƙyalle na dala 100, da rigar sanyi ta dala 60, da sabuni da allura na dala 40. Ta kashe dala 200 ke nan, wato jaka guda. In ta sayar da aikin jaka guda da rabi bayan kwana 10, ladan hannunta dala 10 ne a yini. Ta rubuta wannan a littafi kafin ta faɗi kuɗi a kasuwa. In mata 5 ko 6 suka haɗa kuɗi suka sayi gwanjo tare, sun fi samun rangwame, kuma kowa ta zaɓi launin da take so.

Wadda ke da tsohon zane a gida, ta zo da shi aji na gaba, tare da allura da almakashi.