Laifin Harshe Ne Ko Na Mai Rubutu? Jawabi a Taron Reshe



Gardamar da ta kaure tsakaninmu kan harshen kwamfutar da ya dace mu koya wa yara ita ta sa muka nemi wannan dama. Wasunmu sun ce idan manhaja ta yi ɓarna, harshen da aka rubuta ta da shi ne gurgu. Wasu suka ce alƙalami ba ya kuskure, sai dai mai riƙe da shi.

Ranar 4 ga Yunin 1996 aka harba rokar Turai mai suna Ariane 5 a karo na farko. Ba ta cika daƙiƙa 40 a sama ba ta kauce hanya ta tarwatse, tare da taurarin ɗan'adam 4 da take ɗauke da su. Da harshen Ada aka rubuta manhajarta, harshen da aka ƙera musamman don tsare kuskure. Abin da ya faru shi ne, an tura wata lamba cikin gurbin da ba ya ɗaukar fiye da 32,767, lambar kuwa ta zarce haka. Daga Ariane 4 aka kwaso wannan sashe, inda lambar ba ta taɓa kai nan ba, ita kuwa sabuwar roka tafiyarta daban ce. Harshen ya yi nasa, domin ya gane ɓarnar nan take. Mutane ne suka bar wurin babu kariya don rage wa na'ura nauyi, su ne kuma suka tsara ta kashe kanta in ta ga kuskure. Na'urar ko-ta-kwana ma manhaja ɗaya gare su, sai suka mutu tare. Wanda ya taɓa ba sabon aji tsohuwar jarrabawa bai duba manhajar karatu ba, ya san irin wannan ganganci.

Amma kada masu wanke harshe su yi saurin murna. A Afrilun 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a manhajar OpenSSL, wadda shafukan intanet masu ɗimbin yawa ke tsare sirri da ita. Marubucin ya manta auna tsawon saƙo, wanda ya duba aikin shi ma bai gani ba, harshen C kuwa ba ya hana karanta abin da ke bayan iyaka. A 2019 kamfanin Microsoft ya ce kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaron da yake toshewa daga sarrafa ma'adanar kwamfuta suke fitowa. Kuskuren da ƙwararru ke ta maimaitawa shekara da shekaru ya fi ƙarfin a kira shi sakacin mutum ɗaya. Rijiya ce marar murfi, shi ya sa aka ƙera harsuna irin Rust.

Ra'ayinmu ke nan: mu zaɓa wa yara harshe mai murfi kamar Python, sannan mu daina ba da cikakken maki don kawai aiki ya tashi sau ɗaya a gabanmu. A sa ɗalibi ya shigar da sifiri, da lambar da ta wuce kima, da harafi a gurbin lamba, ya rubuta abin da ya gani. A sa shi ya karanta aikin abokinsa. Wannan ba ya yiwuwa a darasin minti 40 da yara goma kan kwamfuta ɗaya, don haka muke roƙon reshe ya sa darasi mai zango biyu cikin buƙatun da zai kai wa hukuma a zama mai zuwa.