Jawabin rufe watan faɗakarwa a lakwal: ina 8 ga Nuwamba?

Malam direkta, malamai, iyayenmu na kwamitin COGES, uwayenmu mata, da ku ƙannena ɗalibai, sannunku da ƙoƙari.

An ba ni minti goma, kuma na ga rana ta fara zafi, don haka ba zan ja ba. Na duba takardar tsarin wannan wata tun daga farko har ƙarshe. Ranar 19 kun yi bikin ranar makewayi ta duniya, kun wanke bayin makaranta da hannunku. Ranar 20 aka yi ta haƙƙin yara, wadda take tuna yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989. Ranar 25 ƴan mata suka yi wasan kwaikwayo kan cin zarafin mata, wanda wallahi ya fi jawaban manya da yawa da na sha ji. Akwai gasar karatu, akwai ƙwallo. Madalla.

Amma rana ɗaya na nema ban gani ba: 8 ga Nuwamba.

Manya a cikinku sun tuna. Ranar 8 ga Nuwamban 2021, a nan Maradi, wuta ta kama azuzuwan zana uku a wata firamare, yara sama da 20 suka rasu, ƴan shekara biyar zuwa shida. Kafin nan da wata bakwai, ranar 13 ga Afrilu, irin wannan ta faru a unguwar Pays-Bas ta Yamai, nan ma yara kusan 20. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. An yi zaman makoki na kwana uku, majalisar ministoci ta hana sa ƴan jardan cikin azuzuwan zana. A lokacin gwamnati da kanta ta ce irin waɗannan azuzuwa sun kai wajen 36,000 a faɗin ƙasa.

To ku waiga bayanku. Ga su can guda nawa, jikin katanga? Wannan tamu ce, ba wata ƙungiya daga waje da za ta aiko mana da riguna masu tambari da allon ƙyalle don mu tuna ta. Ina jin shi ya sa ba ta shiga takarda ba. Ranakun da ke zuwa da kuɗi su ne ke samun tanti da sono.

Kuma ku lura da lokacin. Lakwal na komawa a Oktoba, amma ajin zana sai an gama girbi an samu kara ake ɗaura shi. Wato yara na shiga ciki daidai lokacin da kara ya bushe ƙayau, hunturu ya taso da iska. Aji ɗaya ya ɗauki yara fiye da kima, ƙofa ɗaya ce ƴar ƙarama, a gefe ga mai tuyar ƙosai da murhunta. Ba laifinta ba ne, abincinta take nema, mu ne ba mu nuna mata inda za ta zauna ba.

Na san abin da malam direkta zai ce: gina aji na siminti ba aikinsa ba ne, na gwamnati ne da magajin gari. Gaskiya ne, kuma za mu ci gaba da bin su da wannan magana har su gaji da ganinmu. Sai dai kafin siminti ya zo, yaran gobe ma za su zauna a ciki. Buɗe ƙofa ta biyu a bayan kowane aji wuƙa kawai yake so. A raba azuzuwan, kada su manne da juna, don in ɗaya ya kama kada ya ja sauran. Masu abinci a matsar da su can bakin ƙofar shiga. Bokitin yashi biyu a gaban kowane aji, kuɗinsu bai kai hayar sonon yau ba.

Abin da na fi so shi ne gwaji. A busa usur ba tare da an sanar ba, a ga minti nawa aji zai fita, wa ke ɗaukar mafi ƙanƙanta, ina ake taruwa, wa ke ƙirga kai da rajista. Yaro ɗan shekara shida in ya firgita, ƙarƙashin tabarma ko lungu yake nema ya ɓuya, sai in ƙafarsa ta riga ta saba da hanyar. A gayyato sojojin kashe gobara su zo su nuna. Lambarsu 18 ce. Wa ya sani a cikinku kafin yanzu? Hannu sama. To, kun gani.

Ku ƴan manyan azuzuwa, ku kuka shirya wasan ranar 25 ba wanda ya biya ku, wannan ma kuna iyawa. Ku zaɓi mutum biyu a kowane aji, ku kawo sunayensu ofis kafin Juma'a. Malam direkta, roƙona gare ka gaban iyaye: a yi gwajin farko kafin hutun Disamba, kuma takardar baɗi ta fara da 8 ga wata.