Karatun Aikin Haƙori: Mu Yi Lissafi Kafin Mu Ci Bashi

 Iyaye da yawa daga ƙauyukan Anka, Gummi da Bukkuyum suna kawo mana tambaya iri ɗaya: yaro ko yarinya ta gama sakandare, ta sami gurbin karatun aikin haƙori, babu kuɗi a hannu, shin a ci bashi? Amsarmu ita ce ana iya ci, amma sai an san wa zai ba da bashin, kuma da wane albashi za a biya shi.

Da farko mu gane cewa wannan karatu ba na likita ba ne. Akwai mai taimaka wa likitan haƙori: shi ke shirya kujera, ya tsabtace kayan aiki, ya miƙa su lokacin aiki. Akwai mai jinyar haƙori, wanda ke wanke haƙora, ya kankare dattin da ya daskare a gindinsu, ya koya wa mutane tsabtar baki. Akwai kuma mai ƙera haƙoran roba. Shekarun karatunsu ba ɗaya ba ne, albashinsu ma haka. Ƙaramar difloma shekara 2 ce, babbar difloma kuma ƙarin shekara 2, kuma mai babbar ce kaɗai ke zuwa bautar ƙasa. Saboda haka kada yaro ya ce muku kawai "aikin haƙori zan karanta". Ku ce ya faɗa muku wanne.

Ko kwalejin kimiyyar lafiya ta jiha da ke Tsafe ce, ko wata a Sakkwato ko Kebbi, ku nemi a nuna muku takardar amincewar hukumar da ke yi wa ma'aikatan haƙori rajista. In babu wannan rajista, asibitin gwamnati ba zai ɗauki yaron ba, ko da shi ya zo na ɗaya a aji.

Yanzu maganar bashi. A watan Afrilu na 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar bashin ɗalibai, asusun da ake kira NELFUND ya fara karɓar masu nema a watan Mayu na shekarar. Bashin ba shi da ruwa. Kuɗin makaranta ana biyan makarantar kai tsaye, kuɗin kashewa kuma, wanda aka fara da Naira 20,000 a wata, yana shiga asusun ɗalibi. Biya yana farawa shekara 2 bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi, ko na ribar mai sana'ar kansa. Amma ku lura: na makarantun gwamnati ne, ba na masu zaman kansu ba, kuma ana neman lambar NIN da BVN da shaidar JAMB. Kafin ku biya ko kwabo, ku tambayi magatakardar makarantar ko ɗalibansu na wannan fanni suna samu.

Bari mu yi lissafi tare, misali ne kawai. A ce bashin duka ya kai Naira 500,000. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun Yulin 2024 Naira 70,000 ne. Da shi za mu yi lissafi, domin gara a auna da ƙarami, in babba ya zo a yi murna. Kashi 10 ɗinsa 7,000 ne a wata, wato 84,000 a shekara. Bashin zai ƙare cikin kusan shekara 6. Yana da tsawo, amma ana iya ɗauka, ana ci ana sha.

To a ce wannan 500,000 ɗin daga wurin mai ba da bashi da ruwa aka karɓo, ya sa kashi 10 a kowane wata. Ruwan kaɗai 50,000 ne a wata, uwar kuɗin tana nan ba ta motsa ba, kuma yana fara hawa tun yaron yana aji, ba ya samun ko sisi. Irinsa ne bashin da ake biya da buhunan dawa ko gero da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha. Mafi muni shi ne jinginar gona. Ku da kanku kun san yadda rashin tsaro ya rage gonakin da ake iya zuwa. Wadda ta rage kusa da gari ita ce abincin gidan gaba ɗaya, ba mu ga difloma da ta isa a jinginar da ita ba. In dole ne a ƙara a kan abin da gwamnati ta bayar, adashi ko asusun zumuntar mata ya fi, amma a rubuta: nawa aka karɓa, yaushe za a fara biya, wa ya tsaya wa yaron.

Sauran abin da iyaye kan manta shi ne inda aikin yake. Kujerar haƙori tana son wuta da ruwan famfo, saboda haka yawancin aikin a birni ne, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, Asibitin Yariman Bakura, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Wanda ya sami aiki a can zai biya haya, ya sayi abincin da a gida daga rumbu ake ɗiba. Kuma dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ƙananan asibitocin kuɗi da yawa kuwa haka suke. Sannan ba ranar da aka gama ake samun aiki ba. Ku sa shekara 1 ko 2 ta jira cikin lissafinku.

Duk da haka ba mu ce ku hana yara ba, domin buƙata tana nan a ƙofar gidanmu. Cutar da ke cinye kumatu da leɓen ƙananan yara, wadda likitoci ke kira noma (ba noman gona ba!), daga kumburin dasashi take farawa, musamman ga yaron da ba ya samun isasshen abinci. A Sakkwato akwai asibiti na musamman dominta, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Wanda ya iya duba bakin yaro ya gane ta da wuri yakan ceci fuska, wani lokaci har rai.

Duk gidan da ke da yaro a wannan hanya, ku zo mana bayan sujada da takardar gurbin karatu, da jerin kuɗin makaranta na dukan shekarun, ba na shekarar farko kaɗai ba. Ku zo da yaron kansa, domin daga albashinsa za a cire.