Yadda Na Koyi Tuƙi a Tsohuwar A-kori-kurarmu

(Jawabin 'yar'uwarmu mai tuƙa motar ƙungiya, ranar bikin cikarmu shekara 10)



An ce in yi magana a kan mota. To, ku da kuka shigo bara da bana, farar motar nan kaɗai kuka sani. Kafin ita akwai wadda muke kira Tsohuwa, Fijo 504 a-kori-kura, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Hannu nawa ta bi kafin ta iso gare mu, Allah kaɗai ya sani. Mun saye ta ne don ɗauko gyaɗa daga Dawanau da kai mai da ƙuli-ƙuli kasuwa.

Mota kam muna da ita, amma direba na haya ne. Wata ranar kasuwa mun kwana muna suya, aka loda kaya, direba ya samu aikin da ya fi namu tsoka, bai zo ba. Mai saye ya gaji da jira ya sayi na wasu, alhali zubin adashen mata uku ne a cikin kayan. Da dare na ce wa maigida, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ya yi shiru, can ya ce, "In ƙaninki zai koya miki, Allah ya tsare."

Ƙanen nawa bakanike ne, a filin Idi muka fara. 'Yan'uwa, ba motar koyo ba ce! Giyarta a jikin sitiyari take, shi kuma sitiyarin sai ka ce kana tuƙa tuwon biki. Ƙafata ba ta kai kuloci, sai an cusa mini filo biyu a baya. Lagireto na yoyo, kullum da jarkar ruwa muke tafe. Batir kuwa ya daɗe da mutuwa, sai da turi: in sa giya ta biyu, in danne kuloci, ku tura, ta ɗauki gudu in saki. Iya ma'aji, kin tuna ranar da ta tashi ba shiri kika zube, zani cike da ƙura? Ko a wajen ta da mota, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ta koya mini abubuwa. Da kunne nake gane lokacin canja giya. Har yau ba na murɗa makulli sai na duba ruwa da baƙin mai da iskar taya.

Amma ba dariya kaɗai na zo mu yi ba. Birkinta sai an taka sau biyu yake kamawa, duk mun sani, muna ta cewa sai an raba riba a gyara. Wata yamma a bakin fili wani yaro ya biyo ƙwallo ya shigo gabana. Na taka, shiru. Na sake takawa, ta tsaya. Tsakaninsa da bamba bai fi taku ɗaya ba. Na fi mako ban iya riƙe sitiyari ba. Da an rasa yaron nan, wace riba ce za ta biya? Washegari aka gyara birki, ni kuma na shiga makarantar koyon tuƙi, na yi gwaji, na karɓi lasin.

Don haka ga roƙona, Hajiya shugaba. Yau in na kwanta ciwo, mun koma gidan jiya. A ware wani abu daga ribar bana a tura mata biyu makarantar tuƙi, waɗanda suka cika shekara 18 kamar yadda doka ta ce, da yardar iyaye ko mazajensu. Su koya a mota mai lafiya, da alamar L a jiki. Kuma kuɗin birki da taya kada ya sake jiran rabon riba.

Masu cewa da, "Mace da a-kori-kura?", yau su ne ke tsayar da ni in rage musu hanya. Ina rage musu kuwa.

Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya tsare mu a hanya.