Ciwon Nono: Jawabi Ga Iyaye Mata Na Garuruwan Kan Iyaka

 

Mace takan ji zafi a nono, tsoro ya kama ta, kunya kuma ta hana ta faɗa. Ku sani, akasarin ciwon nono ba sankara ba ne. Sankarar mama takan fara ne da ƙululu mai tauri wanda sau da yawa ba ya zafi, shi ya sa ake sakaci da shi.

Akwai ciwon da ke bin al'ada: nonuwa biyu su yi nauyi kwanaki kafin jini ya zo, su lafa bayan ya zo. Farkon ciki da allurar tazarar haihuwa ma sukan jawo irinsa. Rigar mama daidai jiki, gashi da tsumma mai ɗumi da parasitamol sukan wadatar.

Akwai kuma na mai shayarwa: nono ɗaya ya kumbura, ya yi zafi, zazzaɓi ya biyo baya. Kada a cire yaro daga nonon, domin ruwan bai lalace ba, tsotson ma yana rage kumburin. Idan awa 24 ta wuce babu sauƙi, a zo asibiti. Maganin kashe ƙwayoyin cuta akan sha shi kwana 10 zuwa 14, a shanye shi ko da an ji dama. Idan ya tara mugunya, ma'aikacin lafiya ne zai fitar da ita. A guji sakiya da tsagar wanzami.

A zo ba tare da jinkiri ba idan an ga ƙululu a nono ko hammata, jini daga kan nono, kan nono ya shige ciki, ko fata ta koma kamar ɓawon lemu. Za mu yi tambayoyi, mu duba da hannu cikin sutura, mu tura hoto idan akwai buƙata. Gwajin ɗan tsoka daga ƙululun shi ke tabbatar da sankara.

Mai zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Katsina ta riƙe katin asibitinta da takardun gwaji, domin a ɗora daga inda aka tsaya. Ku gaya wa mazanku su ba da izini da wuri, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba mu lafiya.