Kashi Na Yau: Me Ya Sa Kwamfuta Biyar Za Su Sauke Abu Ɗaya Sau Biyar?

Yau ba siyasa za mu yi ba, maganar data za mu yi, duk da dai ni a wurina ita ma siyasa ce. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, duk mai koyon sana'a ta intanet ya ji a jikinsa.

Bari in faɗa muku abin da ya kawo wannan hira. A zauren gidanmu akwai tsofaffin kwamfutoci biyar da muke koya wa ƙannenmu da yaran unguwa rubuta manhaja, duka mun sa musu Ubuntu. Sai na lura datar wata ɗaya ba ta kai mu ƙarshen wata. Wallahi da farko yaran na zarga, na ce YouTube suke kallo a ɓoye, har na yi wa wani faɗa. Ashe ba ruwansu. Sabunta manhaja ne ke cinye ta.

Ku yi lissafin da ni. A ce sabuntawa ta fito mai nauyin megabait 400. Kwamfuta ta farko ta sauke, ta biyu ma ta je intanet ta sauke wannan abin dai, haka har ta biyar. Megabait 2,000 ke nan, a kan abin da 400 ya isa. Kamar gida ɗaya ne a aiki yara biyar kasuwa, kowa ya biya kuɗin mota, su sayo gishirin da za a zuba a tukunya guda.

To mene ne mafita? A mayar da kwamfuta ɗaya ta zama rumbu. Duk mai son manhaja ita zai tambaya. In tana da ita a ajiye, ta miƙo ta cikin wayifayin gida, ba a taɓa data ba. In babu, ta sauko da ita sau ɗaya, ta ba shi, ta ajiye wa na baya.

Ga masu Ubuntu, Debian ko Linux Mint, manhajar da ke wannan aiki sunanta apt-cacher-ng, kuma kyauta ce. A kwamfutar da kuka zaɓa, ku buɗe tamina ku rubuta:

sudo apt install apt-cacher-ng

Shi ke nan, ta fara saurare a ƙofa mai lamba 3142. Sai ku shiga saitin rauta ku kafe wa wannan kwamfuta adireshin da ba ya canzawa, a ce 192.168.1.10. A kowace kwamfuta kuma ku buɗe sabon fayil a cikin /etc/apt/apt.conf.d/ ku sa wannan layi:

Acquire::http::Proxy "http://192.168.1.10:3142";

In kuna son gani da idonku, ku buɗe wannan adireshi a burauza ku ƙara /acng-report.html a ƙarshensa, zai nuna muku nawa aka ɗebo daga rumbu, nawa aka sauko daga waje.

Na san wani zai ce, to in an cusa mugun abu a rumbun fa? Tambaya ce mai kyau. Ita apt tana tantance sa hannun masu manhajar da hatimin kowane fayil kafin ta girka. In an taɓa shi a hanya, za ta ƙi karɓa.

Amma ba zan ɓoye muku inda muka yi tuntuɓe ba. Na ɗaya, sai kwamfutocin suna kan fitowa iri ɗaya za a ga riba. Mai Ubuntu 22.04 da mai 24.04 fayilolinsu daban ne, don haka muka mayar da namu duka 24.04. Na biyu, ma'ajiyar da adireshinta ya fara da https a rufe take, rumbu ba ya iya ganin abin da ke wucewa balle ya ajiye, har ma takan kawo kuskure. Maganinsa ku ƙara wannan layi a fayil ɗin nan:

Acquire::https::Proxy "DIRECT";

Na uku, Firefox na Ubuntu ta hanyar snap yake zuwa, ba ya bi ta rumbu. Na huɗu kuma wuta. In aka ɗauke, rumbu ya mutu, sauran ba za su iya sabuntawa ba. Shi ya sa muka sa tsohuwar laftof mai batir ta riƙe aikin. Ƙaramar Raspberry Pi ma za ta iya.

Masu Windows ba a bar ku a baya ba. Ku shiga Windows Update, ku nemi Delivery Optimization, ku kunna saukewa daga wasu kwamfutoci, ku zaɓi na cikin gida kawai. Masu Mac kuma akwai Content Caching a saitin Sharing.

Abin da ya fi damuna shi ne, da data ta yi tsada, abin da mutane ke fara kashewa shi ne sabuntawa. Alhali ita ke toshe kafar da ɓarayin intanet ke bi. Kwamfutar da ƙanwarka ke cike fom ɗin makaranta da ita, ko kake shiga asusun banki, bai kamata ta shekara ba gyara ba don gudun kashe data.

Yaron da na yi wa faɗa kuwa na ba shi haƙuri, yanzu ma shi ke kula da rumbun. In kuna da kwamfuta sama da ɗaya a gida, a shago ko a Islamiyya, ku gwada a wannan makon. Inda ya ƙi, ku rubuto mana saƙon kuskuren yadda ya fito, za mu duba tare a kashi na gaba in sha Allahu. Ku tura wa wanda zai amfana. Mu kwana lafiya.