ABIN DA KE SA ƊAKI SHI NUTSE, DAƁE SHI LOTSE

Bayan girbi, wata cibiyar yaƙi da jahilci ta jihar Maraɗi ta gayyato wani dattijon magini don shi yi ma ɗalibai jawabi. Maza da mata sun taru, har da waɗanda ba su zuwa karatu, don kusan kowa na da ɗakin da damana ta taɓa. Ga abin da ya faɗa.

Ya fara da tuna ma jama'a cewa tsohon garin Maraɗi cikin kwarin Gulbi anka gina shi. A shekarar 1945 ruwa ya ci gari, sannan anka maida shi bisa tudu. A 2020 kogin Isa ya fasa madatsa ya shiga unguwannin Yamai. A watan Satumba na 2024 tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙasa da ya haura shekara 150, ya faɗi bayan ruwa mai yawa. Ya ce wannan irin ruwa kowa na ganin shi. Amma akwai wani ruwa da ba a kula da shi, wanda ke kwanciya gindin bango shekara da shekaru. Shi ne ya fi kada ɗakunan talakawa.

Daga ina ruwan nan ke fitowa? Ya ce sau da yawa daga indararo. In indararo gajere ne, ko ya tsage, ruwan soro duka gindin bango shi ke sauka. Shina gina rami, ƙasa ta jiƙa ta yi taushi, nauyin ɗaki shi danna ta. Haka nan ruwan wanka da na wanke-wanke da ake zubarwa jikin bango kowace rana, da randar da ke tsatsafo kusurwar ɗaki. Inda ƙasa ke da gishiri ko kanwa, danshi na hawa cikin bango da su. Sai ka ga gindin bango ya yi fari, shina marmashewa kamar gari, sama kuwa lafiya lau. Bango mai kauri kamu guda shi koma tsaye bisa rabin kamu.

Daga nan ya juya ga wurin da anka yi ginin, kuma nan ya fi daɗewa. Ya ce gari na ƙaruwa, fili na tsada, mutane na gini inda kakanninsu ba su yarda su yi ba. Kududdufin da anka cike da shara, tsohon juji, tsohuwar rijiya, tsohuwar salanga: duk waɗannan daga sama kamar ƙasa mai ƙarfi su ke. Amma shara na ruɓewa, ciko na zama sannu-sannu, kuma ba shi zama daidai. Kusurwa guda ta sauka, sauran su tsaya, sai bango shi tsage. Ƙasar laka ta fadama ita ma tana da halinta. Da damana tana kumbura, da rani tana tsukewa tana darewa. Ɗakin da tushensa bai yi zurfi ba shina hawa da sauka tare da ita kowace shekara. Don haka kafin mutum shi sayi fili, shi tambayi tsofaffin unguwa abin da ke wurin a da. Shi kuma zo shi duba filin cikin watan Agusta, ba cikin bazara ba.

Gara da gafiya da ɓera ya ambace su a gurguje: suna rarake ƙarƙashin daɓe, sama ta rage ɓawo. Itace babba kusa da ɗaki, kamar bedi, saiwarsa na shiga ƙarƙashin tushe.

Wani ɗalibi ya ce: "Baba, ɗakina ya tsage tun bara. Ina gane ko mai faɗuwa ne?"

Magini ya ce tsaga iri-iri ce. Ƙanana masu kama da gashi, waɗanda ba su wuce yaɓe ba, bushewa ce kawai, sabon yaɓe ya ishe su. Wadda ake tsoro ita ce mai tashi a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, ko wadda ta raba bango biyu a kusurwa, baki buɗe a sama, tsuke a ƙasa. In ana ganin haske ta cikinta, ko ƙofar da ke rufuwa a da ta fara cijewa, to tushe ne ke sauka. Ya koya masu gwaji biyu. Na fari, a shafa ɗan siminti ko laka mai kyau a gicciye bisa tsagar, a rubuta kwanan wata kusa da gawayi. Ya yi dariya ya ce ga amfanin karatunku nan. In shafen ya tsage bayan mako biyu ko wata, ɗakin na cikin motsi. In bai tsage ba, ya riga ya zauna. Na biyu, a ɗaura dutsi ga zare a sako shi daga saman bango. Nan take za a ga ko bangon ya karkata. Daɓe kuwa a ƙwanƙwasa shi da sanda. Inda ya yi ƙara kamar ganga, akwai kogo ƙarƙashi.

Game da gyara, ya ce da rani ake yi, lokacin da ƙasa ta bushe. Kuma ruwa ake fara korewa kafin a taɓa bango. A sa indararo mai tsawo, a jera duwatsu inda ruwan ke zuba. A cike gindin bango da ƙasa mai tsakuwa, a daɓe ta da gangare zuwa waje, ko a gina dakali. Daɓen ɗaki shi ɗara tsakar gida tudu, tsakar gida ta ɗara hanya, kuma rariya ta zama buɗe kullum. Ana cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya ce ruwa ya riga ƙadangare, don haka a toshe tsaga tun kafin ruwan fari.

In tushe ne ya sauka, aikin na magini ne, kuma ya ja kunne ƙwarai a nan. A fitar da mutane da kaya. A tokare azara da itace masu ƙarfi daga ciki. Sannan a gina ƙarƙashin bango guntu-guntu, kowane guntu kada shi wuce metir guda, har a tarar da ƙasa mai tauri. A cike da dutsi da kwaɓi mai ƙarfi, na siminti in da hali, a matse shi sosai ƙarƙashin bango, a bar shi shi bushe. A tsallake wuri, a yi wani guntu, daga baya a dawo ga waɗanda anka tsallake. Wanda ya gina rami tsawon bango gaba ɗaya ya cire ma ɗaki ƙafa, kuma shi ne ke cikin ramin. Bangon da ya karkata ƙwarai ba shi gyaruwa. A sauke shi a sake, ya fi arha.

Daɓen da ya lotse bai kai wannan wuya ba. A fasa wurin, a kwashe ƙasar banza, a bi ramin gara ko na gafiya har ƙarshe. A zuba marmara ko ƙasa mai tsakuwa kamar santimetir 10 zuwa 15, a yayyafa ruwa kaɗan, a daɓe, a sake zubawa. Zuba ciko duka lokaci guda shi ne kuskuren da ya fi yawa: sama ta yi tauri, ƙasa na sako-sako, baɗi a koma gidan jiya. Mata sun san wannan aiki, in ji shi, don su ke daɓe da makuba tun kaka da kakanni.

Wata mata ta ce maigidanta ya shafe ɗakinsu na ƙasa da siminti, amma gindin bangon na ta faɗowa falle-falle. Ya ce: "Inna, siminti da ƙasa ba su kama juna sosai. In ya tsage ruwa na shiga bayansa, ba shi samun hanyar fita, sai bango shi ruɓe a ɓoye." Ya ce a ɓamɓare inda ya kumbura, a bar bango shi sha iska, a cike da birgi da laka. Ya kuma ce a daina ƙara ƙasa bisa soro kowace shekara ba tare da an kankare tsohuwa ba, don nauyin na lanƙwasa azara, shina tura bango waje.

Wani saurayi ya tambayi abin da za a yi in tsaga ta buɗe tsakiyar damana. Magini ya ce a tokare, a rufe soro da leda, gyara sai rani. Amma in tsaga na ƙaruwa kwana-kwana, ko ƙasa na zubowa daga rufi, ko azara na ƙara bayan ruwa ya kwana shina zuba, kada kowa shi kwana ɗakin. A fara fitar da yara da tsofaffi, a kwana rumfa ko gidan maƙwabci.

Washegari da hantsi ɗalibai bakwai sunka raka shi unguwa da zare da dutsi da gawayi, sunka fara da ɗakin wanda ya yi tambaya ta fari.